Zaɓen rautar gida

Rauta, wadda wasu ke kira na'urar rarraba intanet, ƙaramin akwati ce da ke karɓar intanet daga kamfanin sadarwa ta raba shi ga wayoyi, kwamfutoci da talabijin na cikin gida ko shago, ta Wi-Fi ko ta kebul. Wajen zaɓenta akan auna abubuwa uku: kuɗin da za ta ci, ƙarfin aikinta, da abubuwan da aka tanada a cikinta. A ƙasashen da kebul ɗin intanet ya isa kusan kowane gida kuma wuta ba ta ɗaukewa, saurin Wi-Fi ne mai saye ya fi dubawa. A garuruwan karkarar Kano irin su Dawakin Kudu, Kura da Bunkure, yawancin gidaje suna samun intanet ne ta katin sim daga ƙarfen sabis, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. A nan abin da ke tantance amfanin rauta shi ne yadda take kama sabis, yadda take jure rashin wuta, da yawan datar da gida zai sha a wata. Lambobin saurin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali suna zuwa ne daga baya.

## Yadda take aiki

Bayanan intanet suna tafiya ne gutsure-gutsure, kowane gutsure ɗauke da adireshin inda za shi. Rauta tana duba adireshin, ta tura gutsuren hanyar da ta dace. Kamfanin sadarwa yakan ba gida adireshi guda, ita kuma rauta ta ba kowace na'ura nata adireshin na cikin gida, wanda galibi ke farawa da 192.168, ta kuma riƙe lissafin wanda ya nemi kowane abu domin amsa ta koma wa mai ita.

Akwatin da ake sayarwa a kasuwa da sunan rauta yawanci na'urori da dama ne a haɗe: modem mai magana da kamfanin sadarwa, ainihin rautar, mai watsa Wi-Fi, da ramukan da ake cusa kebul. Saboda haka hanyoyi biyu ne a cikinta. Akwai ta waje, daga ƙarfen sabis ko kebul ɗin kamfani zuwa gida. Akwai ta ciki, daga rauta zuwa waya. Intanet ba ya wuce saurin wadda ta fi rauni a cikinsu. Manomin rani a Kadawa ya san irin wannan: idan ruwan da aka sako daga babbar magudana kaɗan ne, faɗaɗa lambatun cikin gona ba zai ƙara masa ko guga ɗaya ba.

## Tarihi

Asalin rauta yana komawa ga na'urorin da aka haɗa cibiyar ARPANET da su a Amurka a 1969. Kamfanin Cisco, wanda aka kafa a 1984, yana cikin waɗanda suka mayar da ita hajar kasuwa, amma ta ma'aikatu da jami'o'i. Ta shiga gidaje ne bayan hukumar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, mai saurin megabit 2 a daƙiƙa. An yi ta sabunta ƙa'idar: 802.11b a 1999 ta kai megabit 11, 802.11g a 2003 ta kai 54, sai 802.11n a 2009 da 802.11ac a 2013. A 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa sunayen, 802.11n ta zama Wi-Fi 4, 802.11ac ta zama Wi-Fi 5, 802.11ax kuma Wi-Fi 6. An fara ba da shaidar Wi-Fi 7 a Janairun 2024.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Wayar tarho ta girke ba ta taɓa yaɗuwa ba, don haka ba a samu zamanin intanet ta layin tarho a yawancin gidaje ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, MTN da Econet suka fara aiki a Agustan wannan shekara, Glo ta biyo a 2003, Etisalat a 2008. Intanet na gida ya fara ne da ƙananan modem da ake cusawa a kwamfuta. MTN da Glo sun ƙaddamar da 4G a 2016, daga nan rauta mai cin sim ta fara yawa. A Disambar 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon gigahaz 3.5 na 5G, MTN ta fara aiki da shi a 2022 a wasu birane da suka haɗa da Kano, Airtel ta biyo a 2023. A Janairun 2023 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka.

## Ire-irenta

Mafi ƙanƙanta ita ce ta aljihu, wadda aka fi sani da MiFi. Tana da batir a ciki, tana cin sim ɗaya, Wi-Fi ɗinta bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba. Ta dace da ɗalibi ko ɗan kasuwa mai yawo. Sai ta tebur mai cin sim, ta 4G ko 5G, wadda ake jonawa da wuta, mai manyan eriya da ramukan kebul. Ita ce ta fi dacewa da gida a karkara. Akwai ta waje da ake ɗaurawa a kan sanda ko rufi, kebul ɗaya ya kawo intanet cikin gida ya kuma kai mata wuta. Akwai kuma wadda ba ta cin sim sam, aikinta kawai ta karɓi intanet ta kebul daga wata na'ura ta watsa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yawa a tallace-tallacen ƙasashen waje, kuma ita ce mutane kan yi kuskuren saye: mutum ya ga eriya huɗu da farashi mai sauƙi, sai ya je gida ya tarar babu ramin sim.

## Yanayin Dawakin Kudu, Kura da Bunkure

Dawakin Kudu ƙaramar hukuma ce a kudu da birnin Kano, inda makarantar sakandaren kimiyya ta maza da aka buɗe a 1977 take, haka ma matatar ruwa ta Tamburawa. Gaba da ita akwai yankin noman rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwansa daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Ana noma shinkafa, tumatir, alkama, albasa da masara. Kura ta yi suna da injinan gyaran shinkafa, Kwanar Gafan kuma da cinikin tumatir.

Buƙatar intanet a wannan yanki ba ta tsaya ga kallon bidiyo ba. Dillalan tumatir suna bibiyar farashi da motocin da suka tura kudu. Masu POS suna buƙatar sabis da ba ya katsewa, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ya tura ciniki da yawa zuwa tura kuɗi ta waya. Ɗalibai suna rajista da gwajin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Yawancin waɗannan ayyuka ba sa son sauri mai yawa. Abin da suke so shi ne kada a yanke a tsakiyar aiki. Shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 da kansa ya sa burin megabit 10 ne ga karkara, 25 ga birane.

Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yankin tana taimakawa, domin babu tsaunuka masu tare sabis. Abin da ke rage shi shi ne nisa daga ƙarfen sabis yayin da aka bar titin Kano zuwa Zariya aka nausa ƙauyuka, da kuma cunkoso, domin duk wanda ke ƙarƙashin ƙarfe ɗaya yana rabon abin da ƙarfen ke iya bayarwa ne. Shi ya sa intanet ɗin da ke gudu da hantsi kan yi nauyi bayan sallar isha'i, ko ranar da kasuwa ke ci.

## Kama sabis

Matakin farko ba ya buƙatar sayen komai. Ana ɗaukar wayar da ke kama 4G, a saka layukan kamfanoni daban-daban ɗaya bayan ɗaya, a gwada sauri a daidai inda za a ajiye rautar, da safe, da rana, da kuma dare. Manhajoji irin su Speedtest suna nuna saurin saukewa da na aikawa. Layin da ya fi a Tamburawa ba lallai ya fi a Bunkure ba, har a gari ɗaya ma unguwa da unguwa kan bambanta. Sandunan sabis da ke saman waya ba ma'auni ba ne mai kyau. Shafin sarrafa rauta yakan nuna wata lamba mai suna RSRP, wadda ake rubutawa da alamar ragi: kusa da -80 sabis ne mai ƙarfi, kusa da -100 matsakaici, ƙasa da -110 kuma mai rauni. Wata lambar, SINR, tana nuna tsabtar sabis daga hayaniya, kuma sau da yawa ita ce ke bayyana dalilin da sanduna suka cika amma shafi ya ƙi buɗewa.

Abu na biyu shi ne zango. Kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaici, haka 4G ke tafiya a zanguna daban-daban, kowanne da lambarsa. Zangon megahaz 700, mai lamba 28, da na 800, mai lamba 20, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango. Na 1800, mai lamba 3, da na 2600, mai lamba 7, suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa. Glo ta fara 4G ɗinta a kan 700, MTN ta samu 800 bayan sayen Visafone a 2016 ta kuma sayi 2600 a shekarar, 1800 kuwa kusan duk kamfanonin suna amfani da shi. Rautar da ba ta san zangon da ke isowa ƙauye ba za ta koma 3G ko ta rasa sabis gaba ɗaya, komai tsadarta. Wannan matsala ta fi faruwa da na'urorin da aka yi domin kasuwar wata ƙasa, musamman Amurka, inda zangunan suka bambanta. Ga gidan karkara, rashin zango 20 da 28 a jerin da ke jikin kwali dalili ne na ajiye ta a nemi wata.

Akwai kuma ajin modem. Aji na 4, wanda ake rubutawa Cat 4, iyakarsa megabit 150 wajen saukewa da 50 wajen aikawa. Aji na 6 yana kaiwa 300, domin yana iya haɗa zanguna biyu lokaci guda. Ba a samun waɗannan lambobi a zahiri, amma haɗa zanguna yana da amfani na gaske a wurin da ke da cunkoso, in dai ƙarfen sabis ɗin wurin yana watsa fiye da zango ɗaya.

Inda sabis ke da rauni, ramin ƙara eriyar waje ya fi duk wani abu daraja a jikin rauta. Eriyar da aka ɗaga sama da rufi aka fuskantar da ita ga ƙarfen sabis tana iya mayar da intanet mai tsinkewa ya zama mai zama daram. Sai dai dogon kebul na eriya yana shanye ƙarfin da aka samo, don haka akan so ya zama gajere. Idan nisan ya yi yawa, rautar waje ta fi, domin kebul ɗin intanet da take amfani da shi yana kaiwa mita 100 ba tare da asara ba.

Rautar 5G ta fi ta 4G tsada nesa ba kusa ba, zangon gigahaz 3.5 kuma ba ya nisa. Inda bai iso ba, za ta yi aiki ne da 4G kamar kowace. Kafin a biya kuɗinta ya kamata a ga 5G a kan waya a cikin gidan da ido, kada a dogara da taswirar talla.

## Lambobin da ke kan kwali

Rubutu irin su N300, AC1200 ko AX3000 suna magana ne kan hanyar ciki kawai, wato Wi-Fi. Su ma jimla ce. AC1200 na nufin megabit 300 a zangon gigahaz 2.4 da 867 a zangon gigahaz 5, aka haɗa aka cike. AX3000 kuma 574 ne da 2402. Waya ɗaya tana amfani da zango ɗaya ne a lokaci guda, kuma abin da take samu a aikace bai kai lambar zangon ba. Idan sim yana kawo megabit 15, rautar AX3000 za ta raba 15 ɗin ne, daidai da yadda N300 za ta yi.

Wannan bai sa sababbin ƙa'idoji sun zama banza ba. Wi-Fi 5 da 6 sun fi iya ɗaukar na'urori da yawa lokaci guda, abin da ke da muhimmanci a gidan gandu mai wayoyi ashirin, ko makaranta, ko shagon rajistar jarrabawa. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri kuma ba shi da cunkoso, amma bango yana kashe shi da wuri. Na 2.4 ya fi ratsawa, sai dai tashoshi uku kawai gare shi da ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11. A cikin birni inda kowane gida ke da rauta wannan matsala ce. A ƙauye kuwa da wuya maƙwabta su cika tashoshin, don haka 2.4 yakan wadatar. A lura kuma cewa ana auna sauri da megabit, data kuma da megabayit, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya.

## Tsarin gida

Wi-Fi ya fi yin nisa a gidajen katako da bango marar kauri. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Akwai zaure, akwai tsakar gida, ɗakuna kuma a warwatse, kowanne da bangonsa na ƙasa ko na bulo. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye Wi-Fi sosai, ta fi yin haka da damina idan ta jiƙa, domin ruwa yana tsotse irin wannan zango. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da shi baya. Tankin ruwa ma shinge ne.

Don haka wurin ajiyewa yana yin abin da ƙarin kuɗi ba zai yi ba. Akan ɗaga rauta sama, kusa da taga mai fuskantar ƙarfen sabis, a inda take kallon tsakar gida. Idan gidan ya yi girma, jawo kebul zuwa wani sashe a saka ƙaramar rauta marar sim a can ya fi sayen babba guda ɗaya arha da inganci. Na'urar maimaita Wi-Fi marar kebul tana ƙara nisa amma takan raba sauri kusan biyu. Jerin rautoci masu haɗa kansu da kansu, waɗanda ake tallatawa domin manyan gidaje, suna aiki da kyau, amma kowace guda tana son wutarta, abin da ke kai mu ga babbar matsala.

## Wuta, zafi da tsawa

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa. An kasa masu amfani da wuta a Najeriya rukuni biyar bisa awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Gidan da ba ya cikin rukunin farko dole ya yi wa rautarsa tanadin wata wutar, in ba haka ba kuɗin datar wata zai ƙare ne rautar tana kashe.

Abin sauƙin shi ne rauta ba ta da ci. Ta tebur mai 4G takan sha wat 5 zuwa 12, yawanci a kan bolt 12. Idan aka ɗauka wat 10 take sha, aikin dare da rana na wata guda kilowat-awa 7.2 ne. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, wato kamar awa takwas a lissafi, amma batirin dalma yana saurin mutuwa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf, don haka rabin wannan ake ƙirgawa. Ma'ajiyar cajin waya da aka rubuta wa 20,000 tana ɗauke da kimanin wat-awa 74, kuma da kebul mai ɗaga bolt 5 zuwa 12 tana iya riƙe rauta awanni da dama. Akwai ƙananan batura da aka yi musamman domin wannan aiki, waɗanda ke zama tsakanin soket da rauta. Ciyar da rauta kai tsaye daga batir ya fi bi ta inbata, domin inbata tana cin nata rabon ko da kayan da ke kanta kaɗan ne. Gidan da ke da ƙaramin sola na fitila da cajin waya sau da yawa zai iya ɗaukar rauta ba tare da ƙari ba, in an dace da bolt ɗin.

Saboda haka a duba abin da aka rubuta a jikin caja kafin saye. Rautar da ke aiki da bolt 12 ko da ramin USB ta fi sauƙin tanadi. Wasu na tebur suna zuwa da batir a ciki. Starlink kuwa wani lissafi ne: babbar na'urarta tana shan wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri, ƙaramar kuma 25 zuwa 40, don haka sai da sola da batir na gaske.

Yawancin rautocin gida an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A watan Afrilu zafin Kano kan haura haka a inuwa, balle a ɗakin kwano marar silin. Rautar da ta yi zafi tana rage sauri ko ta kashe kanta ta kunna, batirin MiFi da aka bari a caji kullum kuma yakan kumbura. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska. Da damina, tsawa da hauhawar wuta lokacin da aka dawo da ita suna ƙona caja, wani lokaci har da rautar. Eriya ko rautar da aka ɗaga a kan sandar ƙarfe tana buƙatar wayar da ke kai tsawa ƙasa.

## Lissafin kuɗi

Kuɗin akwatin sau ɗaya ake biya, na data kuwa kowane wata. A tsawon shekarun da rauta kan yi tana aiki, data ce ke cinye kaso mafi girma. Lissafin ba shi da wuya: megabit 1 a daƙiƙa na tsawon awa guda megabayit 450 ne. Gidan da wayoyi shida ke kallon bidiyo awa ɗaya kowace rana a kan megabit 1.5 zai sha kimanin gigabayit 4 a yini, sama da 120 a wata. Idan bidiyon ya hau megabit 5, wannan kallon dai zai ci gigabayit 405. Manhajojin bidiyo suna ɗaga ingancin hoto da kansu idan suka ga hanya a buɗe, wayoyi kuma suna sabunta manhajojinsu da zarar sun hau Wi-Fi. Wannan ne dalilin ƙorafin da aka saba ji cewa sabuwar rauta tana shan data. Rautar da ke ba da damar iyakance saurin kowace na'ura, ko nuna abin da kowace waya ta sha, tana iya mayar da kuɗinta cikin 'yan watanni.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya. Daga waje ake shigo da rautoci, yawanci na kamfanonin Sin irin su Huawei, ZTE, TP-Link da Tenda, don haka kuɗinsu ya tashi bayan sakin darajar naira a Yunin 2023. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Tsarin da ake kira marar iyaka yawanci yana da sharaɗi: idan aka kai wani adadi sai a rage sauri zuwa ƙarshen wata. Wannan adadin ne ya kamata a tambaya.

Kamfanonin sadarwa suna sayar da rautocinsu da rahusa, sau da yawa har da kyautar data, amma a kulle suke, ba sa karɓar layin wani. Wadda ke ɗaukar kowane layi ta fi tsada a ranar saye. Inda gwaji ya nuna layi ɗaya ne kaɗai ke aiki sosai, kullalliyar ba ta da laifi. Inda biyu ke gogayya, ko sana'ar mutum ba ta jure yini guda babu sabis, buɗaɗɗiyar ta cancanci bambancin. Katsewar kebulan ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024 ta nuna haka, domin ba daidai ta taɓa kamfanonin ba. Buɗe kullalliya a wurin masu gyara abu ne da ake yi, amma yana soke garanti, wani lokaci kuma yana lalata manhajar cikinta.

Starlink ba ta buƙatar ƙarfen sabis, sai dai sarari a buɗe zuwa sama, kuma tana zuwa da rautarta. Kuɗin na'urarta ya ninka na rautar 4G sau da yawa, ga kuɗin wata, ga na wuta, ruwan sama mai ƙarfi kuma yakan rage ta. Ta fi ma'ana ga makaranta, asibiti, injin shinkafa ko ƙungiyar manoma da za su raba nauyin. Sayar wa jama'a intanet a matsayin sana'a yana ƙarƙashin dokokin lasisi na NCC da sharuɗɗan kamfanin da aka saya a wurinsa.

## Tsaro

Rauta tana da kalmar sirri biyu: ta hawa Wi-Fi, da ta shiga shafin sarrafawa. Mutane da yawa suna canza ta farko su bar ta biyu yadda ta zo daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori, har da rautoci da kyamarori, ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin na asali kawai. Tsarin kulle Wi-Fi na WEP an karya shi tun 2001. WPA2 na 2004 shi ne mafi ƙarancin abin da za a karɓa, WPA3 na 2018 ya fi. Maɓallin WPS mai sauƙaƙa haɗawa an gano rauninsa a 2011, kashe shi ya fi. Ya kamata kuma a duba ko kamfanin yana ci gaba da fitar da sabuntawar manhajar samfurin.

A wurin da maƙwabci ba ya jin nauyin roƙon kalmar sirri, mai gida kuma yana jin nauyin hanawa, Wi-Fi na baƙi yana warware matsala. Suna ne na biyu da kalmarsa dabam, ana iya rage masa sauri, a canza kalmar ba tare da taɓa wayoyin gida ba, kuma yana raba baƙi da na'urar POS ko kwamfutar shago. Wasu rautocin suna barin iyaye su sa lokacin da wayoyin yara za su sauka da dare.

## Wurin saye

A Kano ana samun rautoci a ofisoshin kamfanonin sadarwa, da kasuwar waya ta Farm Centre, da titin Beirut. Doka ta tanadi cewa na'urorin sadarwa da ake sayarwa a ƙasar su kasance samfurin da NCC ta amince da shi. Na hannu suna da arha, amma a gwada su da layin mai saye a gaban mai sayarwa, a mayar da su yadda suka fito daga kamfani, a tabbatar cajar tasu ce ko mai bolt daidai, a duba batir bai kumbura ba. Tun Disambar 2020 ake haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, don haka sim ɗin da ke cikin rauta ya zama da sunan mai ita. Layin da aka yi wa rajista da sunan wani ana iya rufe shi da datar da ke kai, kuma mai rautar ba zai iya dawo da shi ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin da za a iya mayarwa idan aka je gida sabis bai kama ba. Ƙorafin da kamfanin sadarwa ya kasa warwarewa ana kai shi ga NCC ta lambar kyauta 622.